Ranar da Na Ƙi Janye Hannuna

Shekarun baya, can lokacin yaƙin Nasara, sa'ad da tufafi suka yi wuya har za ka ga dattijo da riga faci kan faci ba wanda ya yi masa dariya, aka ɗaura mini aure. Garinmu ɗan ƙauye ne a ƙasar Buza ta yankin Adar, tsakanin Allakaye da kwarin Majiya, wurin da dutse ya fi ƙasar noma yawa. Mahaifina ya riga ya rasu, ƙannena duk mata ne kuma suna gidajen mazajensu. Daga ni sai mahaifiyata a gidan, hauya ɗaya ce ke ciyar da mu, kuma a hannuna take.

Ni ne ɗan fari, wanda ya san Adar ya san abin da wannan ke nufi. Mahaifiyata ba ta taɓa kama sunana ba, ba ta kuma kallona ido cikin ido. In tana da magana da ni, sai ta juya wajen akuyarta da ke ɗaure a turke ta ce, "A hwaɗa ma mai gidan ga rumbu na yoyo." Ni kuma in sunkuyar da kai in amsa wa katanga. Akuyar nan ta san sirrin gidanmu fiye da limamin gari.

Matata 'yar wajen Babankatami ce. A kasuwa na gan ta tana sayar da kuka da daddawa, na yi ta sayen daddawar da ba mu da bukata har aka gane ni. Da aka kawo ta, sai na ga ashe aure bai sa mutum ya ga matarsa ba. Da rana ba ma magana, don kunyar mahaifiyata. Ita ce daka, ita ce rijiya, rijiyar kuwa tana can ƙasan tudu, sai an gangara a duwatsu a hawo da tulu. Na fi sanin bayanta da sautin taɓaryarta a kan fuskarta.

Da damina ta kama, ina noman farko a gonarmu ta nesa, ita ke kawo mini fura da tsakar rana. Takan ajiye ƙwaryar a gindin wata tsamiya, ta ce "Sannu da aiki" tana kallon ƙasa, ta juya. Wata rana, ranar kasuwa ce, gonakin maƙwabta ba kowa. An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi tana ƙamshi, gajimare na ta wucewa a hankali. Na sha fura, na kishingiɗa a inuwa, na miƙe hannuna na dama a kan wata saiwa da ta fito waje. Ita kuwa ba ta tafi ba. Ta zauna gefe tana wasa da bakin zanenta, can ta ce, "Bari in ɗan huta kaɗan, ƙahwahuna na zahi." Ban san yadda aka yi ba, sai na ji kanta a kan damtsena, bayan ɗan lokaci numfashinta ya sauya.

Ranar na fara ganin fuskar matata kusa-kusa da hasken rana. Na ga tsagar da ke kumatunta, na ga wani ɗan tabo a gefen girarta da ban san da shi ba. Gashinta na ƙamshin hayaƙi da man shanu. Kurciya na kuka a saman tsamiyar, can nesa shanun Fulani na hawa tudu, hatsina da bai wuce idon sawu ba yana kaɗawa. Ganyen tsamiya ƙanana suna faɗowa a kan zanenta, ina ƙirga su ina mantawa. Wallahi ban taɓa jin daɗin duniya kamar na wannan yinin ba, har yau.

Hannun ya fara magana tun da wuri. Da fari kamar tururuwa na yawo ƙarƙashin fata, daga nan zafi, saiwar na cizona daga ƙasa, kanta na danna ni daga sama. Na ce a raina, in na motsa za ta farka, in ta farka za ta ɗauki ƙwarya ta gudu, ban san ranar da za a sake ba ni irin wannan ba. Na daure. Can sai zafin ya tafi gaba ɗaya, ni da wautata na ce madalla, hannu ya saba. Barci ya ɗauke ni ni ma.

Da muka farka inuwa ta koma gabas, la'asar ta yi sakaliya. Ta zabura ta ɗauki ƙwarya ta kama hanya ko waiwaye babu. Na tashi zan ɗauki hauya, sai na ga hannuna ya lanƙwashe daga wuyansa yana reto. Na ce masa tashi, ya ƙi. Na yarfa shi, na mare shi da ɗan'uwansa, na ce zuwa magariba zai dawo. Magariba ta yi, gari ya waye, wani garin ya sake wayewa, hannu yana nan yadda yake. Ina iya dunƙule yatsu kaɗan, amma ɗaga su ko ɗaga wuyan hannun ya gagara, bayan hannun kuma wajen babban yatsa ko an tsunkule ni ba na ji.

Da mahaifiyata ta tambayi akuya abin da ya sami mai gidan, na ce wa katanga barci na yi a gindin tsamiya na tashi haka. Ban yi ƙarya ba, rabi dai na faɗa. Nan aka shiga nema. Malam ya ce iskar tsamiya ce, na sha rubutu har cikina ya yi baƙi. Wanzami ya kafa mini ƙaho. An turara ni da saiwoyi har kaji suka daina shiga ɗakina. Maƙwabta sun yi mini gayya sau ɗaya, Allah ya saka musu, amma kowa da gonarsa, ciyawa kuwa ba ta jiran mai ciwo.

Abin da ya fi ciyawa saurin tsiro shi ne maganar bakin rijiya. Mata suka fara lissafi: tun da aka kawo yarinyar nan tunkiyar gidan ta mutu, ruwa ya yi tsaiko, yanzu ga hannun mai gida. Suka ce farar ƙafa gare ta, wato irin macen da in ta shiga gida arziki ke fita ta bayan katanga. A wancan zamanin in wannan suna ya kama mace, ya kama ta ke nan, ko ta koma gidansu ba mai sake tambayarta. Mahaifiyata ba muguwa ba ce, amma tana ganin rumbu tana ganin hannuna, kullum kuma ana zuba mata a kunne. Na lura ta daina cin tuwon da matata ta tuƙa.

Ni kuwa gaba kura baya sayaki. In na yi shiru, za a kore ta a kan ƙarya. In na faɗi gaskiya, da wane baki ɗan fari zai gaya wa uwarsa cewa ya kwanta da rana tsaka a gona, kan matarsa a damtsensa? Kuma ko na faɗa, ai cewa za a yi to ga shi nan, ita ce dai. Matata kuwa sai ta koma dama mini fura da ruwa-ruwa, don in kafa kai in sha, kada a gan ni ina cin tuwo da hagu.

Ina da wani abokina mahauci, tare aka yi mana kaciya, bakinsa ba ya shiru. Shi ya ce zai je Madawa sayen awaki, in bi shi mu ga lokotoro. Haka muke kiran ma'aikacin ɗakin magani na can, wani baƙin mutum siriri mai farar riga, mutumin gabas. Ya ɗauki allura ya taɓa tafin hannuna, na yi tsalle. Ya taɓa bayan hannun, ina kallonsa kamar hannun wani yake sokawa. Ya ce in matse yatsansa, na matse. Ya ce in ɗaga, na kasa. Sai ya danna bayan damtsena, daidai inda saiwar nan ta cije ni, na ji wani abu ya tsarga har yatsu.

Ya dube ni ya ce, "Giya kake sha, ka kwana a kan hannunka?"

Na ce, "Allah shi kiyaye!"

Ya ce, "To, sabon aure ka yi."

Abokina ya faɗi ƙasa yana dariya har da riƙe ciki. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Da dariya ta lafa, lokotoro ya ja ni bakin ƙofa ya nuna mini wayar kumandan, wato Baturen mulki, da ke bisa itatuwa, wadda ke kai magana garin Tawa ba tare da ɗan aike ba. Ya ce jikin mutum cike yake da irinta. Ƙwaƙwalwa ce ke ba da umarni, laka ta ɗauko shi ta cikin ƙashin baya, daga laka kuma jijiyoyi farare suke fita su bazu ko'ina. Waɗansu suna kai saƙo ƙasa, su ce wa nama motsa. Waɗansu suna kawo labari sama, su ce nan da zafi, nan da sanyi, nan ƙaya ce. Akwai ma masu aikinsu ba su tambaye ka ba, su ne ke kula da bugun zuciya da tafiyar abinci a ciki ko kana barci. Ya ce tawa guda ɗaya ce ta samu matsala, wadda ke zagaya ƙashin damtse ta baya ta je ta ɗaga wuyan hannu. Ba ta tsinke ba, danne ta aka yi ta daɗe, za ta farfaɗo da kanta in an ba ta lokaci. Ya ɗaura mini ɗan katako ya miƙar da hannun, ya ce kada a sake tsagawa, kada a ƙona, a riƙa motsa yatsun kullum.

Na ji, amma rabin zuciyata na wajen iskar tsamiya. Abokina ya gane. Da muka kwana a hanya gari ya waye, ya yanka ɗaya daga cikin awakin don kasuwar wani ƙauye, ya kira ni. Ya fasa kan ya nuna mini ƙwaƙwalwa, ya bi da wuƙa ya buɗe ƙashin baya, ga laka kwance fara sol a cikin raminta. Daga kowace gaɓa wasu zaruruwa na fita dama da hagu. Ya bi ɗaya da bakin wuƙa a hankali, ta ratsa kafaɗa, ta zagaya ƙashi, ta gangara ƙafar gaba tana rarrabuwa har ta ɓace mini.

Ya ce, "Ka gani? Wagga ba ta jini ba ta, ba agara ba ta. Kullum ina hidda ta ina jehwa ma karnuka, ashe ita ta mai aikin. Dabba in lakarta ta katse nan tsakiya, ƙahwahun baya sun zama kaya, ko da tana cin ciyawa da bakinta. To kai dai taka anka yi ma zaune bisa. Kuma wanda ya zauna, mun sani."

Na daɗe tsugune ina kallon zaren nan. Abu siriri haka, shi ke tsakanin niyyata da hauyata. Duk hanyar komawa gida ina jin jikina wani iri, kamar ina ganin farin zare na bin ƙafafuna yana kawo mini labarin kowane dutse da na taka.

Da na shiga gida na tarar da kayan matata a ɗaure, ƙoren da faifan da tabarmarta, ga jakin maƙwabta a ƙofa an aro. Mahaifiyata ta dubi akuya ta ce, "Gobe ɗiyag ga za ta ganin gida. Ta zamna can har hannu shi samu lahiya." Kowa ya san irin wannan ganin gida, ba a dawowa daga shi.

Na sami matata a bayan rumbu tana tsince wake. Ban taɓa yi mata magana da rana a cikin gidan ba sai ran nan. Na fara ba ta labarin waya da laka, ta tare ni, idonta na kan faifai. Ta ce, "Bari in tahi. Ai ba ƙarya sunka yi ba, ni nik kashe ma hannu." Hawaye na ɗiga a kan waken, tana ci gaba da tsinta. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko ranar da hannun ya mutu.

Da safe an ɗora kaya a jaki, mahaifiyata na zaune tana tankaɗe. Na zo na tsaya gaban turke, na dubi akuya, ita ma ta dube ni tana tuƙa. Na ce, "A hwaɗa ma Inna, lokotoro ya ce ba iska ba ta, ba ƙahwar kowa ba ta. Wata jijiya ta, awa wayar kumandan, tana tasowa daga ƙwalwa ta biyo laka..."

Mahaifiyata ta ce wa akuyar, "Ban tambayi wayar kumandan ba. Mi ad danne ta?"

Na rufe ido na faɗa. Na faɗi tsamiya, na faɗi saiwa, na faɗi kan da ke bisa damtsena tun azahar har la'asar. Muryata ta koma ta yaro. Matata ta ruga ɗaki ta rufe fuska. Tankaɗe ya tsaya, jaki na kuka a waje.

Can mahaifiyata ta yi magana, kuma ba da akuya ba. Ta ɗago kai ta dube ni, ni kaina, abin da ban taɓa gani ba tun da na yi wayo. Ta ce, "Kai wanga. Da kaj ji shina mutuwa, mi ah hana ka janye shi?"

Na ce, "Kwana taka yi, Inna. Ta gaji."

Mahaifiyata ta kau da kai daga gare ni. Ta dubi turmi, ta dubi tulunan da ke jere cike da ruwa, ta dubi tarin itacen da ke bakin murhu. Ta daɗe tana dubansu. Na ga bakinta na motsi, na ɗauka zagi ne zai fito, ashe dariya take dannewa, idonta kuma ya cika da ƙwalla. Ta sa gefen zane ta share, ta koma ga akuyarta ta ce, "A kwance kayan ga, a maida ma mutane jakinsu. Kuma a hwaɗa ma mai gidan ga, wauta tai ba daga wajena yag gado ta ba."

Ranar ita ta ɗauki tulu ta gangara rijiya da kanta. An ce da matan suka fara, ta ce musu, "Ɗiyata na gida tana hutawa, wadda ag da magana ta zo ta same ni." Bayan 'yan kwanaki na shiga ɗaki na tarar da matashin kai na jar fata, an cika shi da audugar tumfafiya, ɗinkin hannun mahaifiyata ne. Ba ta ce ita ta ajiye ba, mu ma ba mu yi godiya ba, don godiyar ma abin kunya ce.

Hannun bai dawo nan da nan ba. Tururuwar nan ce ta fara dawowa, tana sauka kaɗan-kaɗan daga gwiwar hannu. Wata rana ina zaman tahiya, hatsi ya fara fid da kai, sai na ga manunina ya ɗaga da kansa, ɗan kaɗan, yana rawa. Na manta inda nake a salla, sai da na sake ta. Kafin a gama girbi ina ɗaure dami da hannu biyu. Hatsin shekarar bai cika rumbu ba, mun haɗa da tafasa da ganye, amma mu uku muka ci.

Yanzu jikokina da suka yi lakwal, wato makarantar boko, suna kawo mini littafi mai hoton mutum an feɗe shi, jijiyoyi ja da rawaya, suna faɗa mini sunayensu da Faransanci. Nakan ce musu na riga su gani, a cikin akuya. Abin da na koya bai da yawa. Na gane zafi ɗan aike ne, in ya zo a saurare shi, kuma ranar da ya yi shiru ba sauƙi aka samu ba. Na kuma gane kunya ado ce, amma saura kaɗan ta sa in yi asarar mutum ina tsaye ina kallo.

Mun yi zama mai tsawo da matata, har gashinmu ya yi fari tare. A shekarar da za ta rasu, muna zaune da hantsi tana ɓarar gyaɗa da hannuwanta da suka fara rawa, na tuno mata da zancen ina tsokanarta, na ce kanta ya fi dutsen niƙa nauyi. Ta yi dariya har ta yi tari. Sai ta ce, "Malam, in hwaɗa ma wani abu? Ran nan ban daɗe ina kwana ba. Tun kurciya ba ta bar kuka ba nif farka."

Na ce, "To mi ah hana ki tashi?"

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Na ji tsoron in na motsa ka janye."